Ƙanzon Kaka Amparo

Idan ka tambayi Clive Haworth ko ya san Sifaniya, sai ya gyara zama tukuna kafin ya amsa. Shekara goma sha ɗaya a jere yana zuwa, in ji shi, babu lungun da bai leƙa ba. Abin da ba ya faɗa shi ne, duk shekarun nan otal ɗaya yake sauka a bakin teku, kujera ɗaya yake kwanciya a gefen ruwan wanka, kuma mai kawo masa shayi ɗan garinsu ne daga Hull ta ƙasar Ingila. Matarsa Doreen ta san haka sarai. Amma shekara talatin da huɗu da aure sun koya mata cewa in Clive ya hau kan magana, gara a bar shi ya sauko da kansa.

A bana ba bakin teku suka nufa ba. 'Yarsu Tessa, wadda ke koyar da Turanci a wani ƙauye cikin gonakin lemo a bayan Valencia, ta sami wanda take so, wani manomin lemo mai sanyin magana da ake kira Batiste. Ranar Juma'a ta ɗauko su daga tashar jirgin ƙasa a ƙaramar motarta, kuma tun ba su fita gari ba ta fara roƙo.

"Baba, abu ɗaya nake so. Ranar Lahadi ka zauna, ka ci abinci, ka ce ya yi daɗi. Shi ke nan."

"Kin ɓata hanya," in ji Clive, yana kokawa da wata tsohuwar taswira da ta rufe rabin gilashin gaba. "Hagu ya kamata ki yi."

"Kullum nan nake bi, Baba."

"To kullum kina ɓata."

Sai Tessa ta koma kan uwarta, tana kallonta ta madubi. Kakar Batiste, in ji ta, wata tsohuwa mai suna Amparo, ita ta rene shi tun yana goye, kuma ba zai taɓa yin aure ba da yardarta ba. Ba ta cewa ta yarda, ba ta cewa ta ƙi. Duk Lahadi dangi na taruwa a gona a dafa paella, dafa-dukar shinkafa a faffaɗan kasko, kowa ya sa cokalinsa ta gefensa. In an cinye sama, sai a ja da baya a bar wa tsohuwa. Ita ke fara kankare ƙanzon da ya kama a ƙasa, wanda saboda shi ake dafa abincin tun farko, kuma cokalin farko na wanda ta karɓa cikin dangi ne.

"Wan Batiste ya kawo wata yarinya daga birni. Lahadi uku tana zuwa, cokali bai je wurinta ba. Ta huɗu ba ta dawo ba. Ni Lahadi biyar ke nan, Mama. Ta ce sai ta ga mutanen da suka haife ni."

Doreen ta miƙa hannu ta dafa kafaɗar 'yarta. Clive kuwa bai ji ko kalma ɗaya ba, don iska ta fizge taswirar ta taga, yana ta ihu a tsaya.

Washegari da safe ya hana kowa shiga kicin, ya ce shi zai gasa burodi kamar yadda ya saba a gida. Ya gasa guda uku, ɗaya ya yi baƙi ƙirin. Ya ja baƙin gabansa, ya tura musu masu kyaun, yana cewa shi dama haka yake son nasa. Daga nan ya ɗora wata ƙatuwar malafa da ya saya a shagon otal shekarun baya, ya zura safa cikin takalmin sandal, ya ce zai je dandali ya gaisa da mutanensa. Doreen ta bi shi, don ta san abin da ke faruwa in an bar shi shi kaɗai.

A shagon gahawa na dandalin akwai wani dattijo, Eladio, wanda ya yi shekara ashirin yana kai faranti a otal-otal ɗin bakin teku, Turanci kuma zar a bakinsa. Yana hango malafar ya ja kujera.

"Zauna, maigida. Kai ne uban malamarmu? Malafar nan daga wace ƙasa?"

"Ta nan ce mana. Irin taku ta gargajiya."

Eladio ya waiga ya dubi tsofaffin da ke zaune, kowannensu da ƙaramar hular ulu, ya ce, "Lallai. Mu ne muka yi sakaci da gargajiya."

Ba a yi minti goma ba Clive ya bayyana musu yadda ake noman lemo, ya gyara musu lokacin cin abincin rana, sannan ya iso kan shinkafa. Ya ce shi ba ci kawai ya iya ba. An koya masa a otal, awa ɗaya cur, har da takardar shaida da rigar girki mai sunansa. A unguwarsu a Hull, in ya ɗora kasko, maƙwabta har ta katanga suke leƙowa.

"Suna leƙowa su ci, ko su ga ko gobara ce?" in ji Eladio.

"Ka gaya wa abokanka," in ji Clive, yana buga tebur da yatsa, "ban raina ta ƙauye ba, amma tawa ta fi armashi."

Doreen ta taka masa ƙafa. Ya janye ƙafar ya ce mata ta yi hankali. Eladio kuwa ya fassara maganar kalma bayan kalma, bai rage ko ɗigo ba. Har mai gahawa ya ajiye kofin da yake gogewa.

Kafin su shanye abin da ke gabansu, labari ya zagaye ƙauyen ya dawo da Kaka Amparo da kanta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙar riga, da sanda a hannu ɗaya, jakar kasuwa a ɗayan. Tessa da Batiste na biye da ita suna haki. Ta dubi Clive daga malafa zuwa safa, ta faɗi wasu kalmomi gajeru.

"Ta ce sannu da zuwa, Baba," in ji Tessa da sauri.

"A'a," in ji Eladio. "Cewa ta yi, tunda bakinsa ya iya, gobe a ga hannunsa. Kai za ka dafa, gwani."

Batiste ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori. Clive ya cire malafa ya rusuna har ƙasa.

Da yamma Doreen ta gwada sa'arta. "Clive, akwai abin da ya kamata ka sani game da shinkafar nan."

"Doreen, ke za ki koya mini Sifaniya?"

Ranar Lahadi mutum goma sha biyu aka gayyata. Da hantsi ya yi, an ƙirga talatin da ɗaya, kowa ɗauke da kujerarsa, har da wata maƙwabciya mai suna Pepica da ta baro coci tun ba a tashi ba don kada a fara babu ita. Vicent, kawun Batiste, wanda shi ke dafa shinkafar gidan shekara ashirin da biyar, ya miƙa wa Clive kaskon kamar mai ba da jaririnsa ga baƙo.

Wuta aka fara da ita. Vicent ya jera siraran itacen lemo, Clive ya ce wannan ai wutar shayi ce, ya tattaro ɗanyun rassa da ganyensu ya labta. Hayaƙi ya turnuƙe, layin farko na masu kallo suka koma na uku suna tari. Ya durƙusa yana hurawa, wutar ta tashi gaba ɗaya ta kama bakin malafar. Bai sani ba sai da Pepica ta sheƙa masa ruwan wankin tumatir a ka.

"Da gangan na yi," in ji shi, ruwa na ɗiga ta hancinsa. "Zafi ya yi yawa."

"Ya ce ya gode," in ji Tessa.

Kaza da zomo suka shiga cikin mai lami lafiya, don Batiste ya faki ido ya daidaita kaskon da dutse. Doreen ta fara jin numfashinta na dawowa. Sai Clive ya zura hannu cikin aljihun rigar girki ya fito da albasa guda huɗu manya. Pepica ta dafe ƙirji ta kira sunan waliyyai uku.

"Albasa? A shinkafa?" in ji Vicent. "Ku riƙe ni."

"Me yake cewa?"

"Yana mamakin girmansu, Baba."

"Cewa ya yi ko kakansa da aka kai gidan mahaukata bai taɓa yin haka ba," in ji Eladio.

"Eladio, don girman Allah!"

"Malama, ni fassara aka sa ni."

Vicent ya kawo za'afaran, kayan ƙamshi mai tsada da ke rina shinkafa, a ɗan ƙullin takarda, yana riƙe da shi da hannu biyu. Clive ya leƙa, ya ce wannan 'yan zararrukan ba za su rina ko cokali ɗaya ba. Ya sake komawa aljihu ya ciro gwangwanin garin kori da ya taho da shi tun daga Hull, ya zazzage rabi. Romo ya koma ruwan ɗorawa shar. Wani tsoho ya tashi ya naɗe kujerarsa, ya yi taku biyar, sai ya ga ba zai iya barin wannan kallo ba, ya dawo ya zauna.

Kaka Amparo ta zuba ido kawai. Tana zaune a inuwar ɓaure, haɓarta bisa sanda, cokalinta na itace a kan cinya.

Da shinkafa ta shiga, Clive ya kama ludayi ya hau juyawa kamar mai tuƙa tuwo. Nan ne jama'a suka miƙe tsaye. Ko yaron goye a ƙauyen ya san in shinkafa ta kwanta a kasko ba a sake taɓa ta. Vicent ya fizge ludayin ya jefa bayan katanga. Clive ya ciro wani daga aljihu. Pepica ta ƙwace ta zauna a kai. Ya ciro na uku.

"Aljihu nawa rigar nan take da shi?" in ji Eladio.

"Mai sana'a ba ya fita da kayan aiki ɗaya."

Doreen ta dubi 'yarta. Tessa ta yi fari fat, tana murza yatsan da babu zobe a kansa tukuna. Sai Doreen ta yi abin da ta rantse tun bikin cikarsu shekara ashirin da biyar ba za ta ƙara yi ba.

"Clive, Eladio bai taɓa jin labarin ranar da ka sayar wa magajin gari kafet ba."

Ludayin ya tsaya a sama. "Bai taɓa ba?"

Labarin kafet minti ashirin yake ci, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, Doreen ta sha aunawa. Clive ya juya wa kasko baya, ya kama Eladio ta maɓallin riga, ya faro tun daga ruwan saman da aka yi ranar. A bayansa Batiste ya durƙusa shiru yana janye garwashi, yana turawa, yana kasa kunne. Romo ya tsotse. Shinkafa ta kwanta. Daidai lokacin da magajin gari ke cire takalmi don ya taka kafet, sai kaskon ya fara wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, wani ƙamshi mai ɗan ƙauri ya tashi ya danne korin. Vicent ya lumshe ido. Pepica ta haɗiyi yawu. Har Kaka Amparo ta ɗaga haɓa daga kan sanda ta shaƙa.

Clive ma ya shaƙa. Doreen ta ga kunnuwansa sun yi ja. Ta matsa kusa da shi da sauri.

"Clive, ƙasan kaskon nan..."

"Na sani, na ji," ya raɗa mata. "Kada ki ɗaga murya. Bar mini."

Ya tafa hannu ya ce kowa ya koma tebur, a ƙasarsu mai girki ne ke kai wa baƙi abinci. Aka yi gunaguni, amma tsohuwa ta ɗaga sanda, kowa ya ɗauki kujerarsa ya zagaya bayan katanga inda aka jera tebura. Doreen ta tafi da 'yar nutsuwa a ranta. Tunda ya ce ya sani, ƙila dai a motar ya ji wani abu.

Maimakon kasko, faranti suka fara fitowa, kowa da nasa, an tsara shinkafa an ɗora yankan lemon tsami. Aka dubi juna. Aka ɗanɗana. Wasu suka nemi ruwa, wasu suka nemi burodi, Vicent ya nemi gafarar mahaifinsa da ke kabari. Amma aka daure aka ci, don kowa ya ji ƙarar nan da kunnensa, ya san abin da ke jira a ƙasa. Can sai ga Clive yana jan kaskon, ya ɗora shi tsakiyar tebur, ya koma can ƙarshe ya zauna da nasa farantin, ya kare shi da gwiwar hannu.

Kaka Amparo ta miƙe. Aka ajiye cokula. Tessa ta kama hannun Batiste a ƙarƙashin tebur. Tsohuwa ta miƙa cokalinta cikin kasko ta kankara.

Ƙarfe ya amsa, ƙwal. Babu komai. An kankare shi tas, har yana ƙyalli.

Cikin wannan shirun sai aka ji wata ƙara daga ƙarshen tebur. Ƙurus. Ƙurus. Ƙurus. Kai talatin da ɗaya suka juya tare. Ga Clive, kumatu cike, gumi na zuba, yana tura ƙanzo baki da sauri kamar wanda ake kora. Tulin da ya isa gida uku ya kusa ƙarewa.

"Ya cinye!" in ji Pepica. "Shi kaɗai!"

"Na mutum talatin!" in ji Vicent, yana neman abin jifa. "Ya sa mana albasa, ya sa mana wannan garin, muka yi haƙuri, ashe ɓarawo ne!"

Wannan karon Tessa ba ta fassara komai ba. Ta sunkuyar da kai, hawaye na sauka cikin shinkafa. Eladio ne ya isar da saƙon, ya ce, "Maigida, suna magana a kan abin da ke farantinka, kuma ba yabo ba ne."

Clive ya haɗiye da ƙyar. Ya miƙe, ya cire ƙonanniyar malafar ya riƙe a ƙirji. Doreen ba ta taɓa ganin ya ƙanƙance haka ba.

"To, kun gani," in ji shi. "Ta ƙone. Laifina ne, na tsaya surutu. Amma ka gaya musu, na rantse ko ƙwaya ɗaya ta ƙonannen ba ta shiga farantin kowa ba. Na kwashe duka. Kada su ɗora wa 'yata, ita ba ruwanta."

Eladio ya buɗe baki, ya rufe. Karon farko tun jiya da fassara ta maƙale masa. Sai Doreen ta miƙe, ita da ko a taron iyaye na makaranta ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

"Ka faɗa wa Kaka wannan ma," in ji ta. "Shekara talatin da huɗu mutumin nan yana gasa mini burodi kowace safiya, kuma kowace safiya sai ya ƙona ɗaya. Bai taɓa koyo ba. Amma ban taɓa cin ƙonannen ba, Tessa ma haka. Shi yake ci, ya ce wai haka yake so. Ba ya so. Na sha ganin fuskarsa."

"Doreen, ina so mana," in ji Clive a hankali.

"Zauna, Clive."

Eladio ya fassara, a hankali, bai ƙara gishiri ba. Vicent ya ajiye burodin da ya ɗauka zai jefa. Kaka Amparo ta dogara sandarta, ta bi gefen tebur taku ɗaya-ɗaya har ƙarshe, ta tsaya a kan Clive. Ta yi magana mai ɗan tsawo, Eladio na biye da ita.

"Ta ce mijinta, Allah ya ji ƙansa, shekara hamsin suna faɗa da cokali a kan ƙanzo, bai taɓa bar mata ko na taɓa harshe ba. Ta ce shinkafarka ita ce mafi muni da aka taɓa dafawa a gonar nan, har da ta shekarar da akuya ta faɗa ciki. Ta ce kai wawa ne."

"Ta ce wawa?"

"Sau biyu. Na rage ɗaya."

Tsohuwa ta ja farantin daga gabansa. Abin da ya rage bai fi cokali ɗaya ba. Ta tattara shi tsaf da cokalinta na itace, ta juya, ta sake bin gefen tebur. Ba wanda ya motsa. Ta tsaya a gaban Tessa, ta ɗago haɓarta da yatsa, ta miƙa mata a baki.

Tessa ta tauna. Kori ya hau mata kai, ta yi tari, tana kuka tana dariya. Batiste ya rungume kakarsa har ƙafafunta suka bar ƙasa, ta maka masa cokali a ka. Pepica ta fashe da kuka, ta sumbaci Doreen a kumatu biyu, ta sumbaci Clive ma, sannan ta tuna albasa ta ture shi.

"Saura sharaɗi ɗaya," in ji Eladio. "Ranar biki za a zaunar da kai nesa da wuta, kuma za a caje aljihunka a bakin ƙofa."

A hanyar komawa, suna tafe su biyu tsakanin itatuwan lemo, Clive na ta juya ƙonanniyar malafar a hannu. Sannan ya yi gyaran murya.

"Kin dai gani da idonki. Har ƙonannen sai da suka biyo shi farantina suka ƙwace. Na gaya miki na iya."

"Ka gaya mini," in ji Doreen, tana cire masa wani ƙonannen zaren malafa daga gashi.

Washegari ya gasa burodi uku, ɗaya ya yi baƙi ƙirin. Ya miƙa hannu zai ja shi gabansa, sai ya tarar ta riga shi.

"Doreen, ba ni. Ba za ki iya ci ba."

"Bari," in ji ta, ta gatsa, ƙurus. "An ce nan daɗin yake."